Littafin Ma'aji

Ni ce Faiga, mai riƙon littafin ƙauye.
Shekara arba'in da ɗaya alƙalami na hannuna,
ban taɓa rubuta "nawa" a ciki ba,
sai "namu".

Shafin farko Zalman ne ya cika shi,
da tawada mai kama da ragowar shayi:
mutum goma sha tara, tanti huɗu,
alfadari ɗaya mai ɗingishi,
garmar aro, bashin buhun iri.
Can ƙasa, da ƙaramin rubutu:
sauro ba ya ƙirguwa.
Zazzaɓi ya ɗauke uku kafin girbin farko.
Ya ja layi a kan sunayensu, bai goge ba.

Fadama suka tarar a gindin duwatsun Galili,
laka har gwiwa, kwaɗi na wa'azi,
suka haƙa wa ruwa hanya, suka ce a sauka lafiya.
Hannun da ya saba da allura a Warso
ya yi kanta a jikin fartanya.
Wando mai kyau guda ne a duk ƙauyen,
mai zuwa birni shi ke sa shi,
dogo ya sha iska a ƙauri, gajere ya naɗe.

A gidan yara na yi haƙori.
Uwata takan zo da la'asar, tana warin madara,
awa uku nata, sauran na kowa.
Ban ce da daɗi ba, ban ce babu ba.

Shekarar da aka aiko wa Garshom butar shayi daga Amurka,
kwana uku ana taro a ɗakin cin abinci.
In kowa ya dafa a ɗakinsa, wa zai zo mu zauna?
Aka kaɗa ƙuri'a, buta ta ci da biyu.
Zalman ya ce daga nan ɓaraka ta fara,
muka yi masa dariya.

Sai shafukan suka yi ƙiba:
ayaba, kaji dubu shida, kifi a tafki,
saniya mai suna Sarauniya da ta cika durom,
lemo a akwati yana hawa jirgin ruwa.
Muka gina masana'antar bututun roba da kuɗin banki,
bashi hanji ne, muka ce, yana cikin kowa.
Sai kuɗi suka zama ganye,
farashin safe ba ya kai yamma,
sifiri na haihuwar sifiri har ya fita gefen takarda.
Na sayi jar tawada kwalba uku a shekara ɗaya.

Samari suka bi motar Talabib.
Aka sa wa kowane aiki albashi,
aka kafa injin karɓar kuɗi a bakin tukunyar miya.
Ran farko Tirza, mai shekara tamanin,
ta ajiye faranti ta koma gida da yunwarta.
Yanzu 'yan Tailan ke sare ayaba,
baƙi na kwana a gidan yara, dare ɗaya kaza,
suna ɗaukar hoton tsohuwar garma.

Akwai ɓaure bayan kejin kaji
da ya girmi wannan littafi.
Wani ya dasa shi, ya sha inuwarsa, ya kira wurin da wani suna.
Ba ya cikin shafukana.
Na san gurbin, kullum ina tsallake shi da ido.

Jiya jikana Amnon ya zo da kwamfuta,
ya ce, Kaka, a taƙaice, riba ko asara?
Na liƙa yatsa a baki, na juya shafi,
na wuce lemo, na wuce bashi, na wuce buta,
har na isa layuka ukun Zalman.

Na ce, ɗora mana shayi tukuna.